Telan Da Ya Auna Ƙafarsa Da Kansa

Wata huɗu ke nan babu ƙarar keken ɗinki a bakin layinmu. Mai keken yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga labarinsa yadda ya faru.

Shi tela ne, ana kiransa Sarkin Awo. Kallo ɗaya zai yi maka ya faɗi faɗin kafaɗarka, a sa tef a tarar haka ne. Shekara talatin yana taka keke da ƙafar dama, har gwiwar ta cinye, aka yi masa tiyata.

Da aka sallame shi, likita ya haɗa shi da wani koci a wurin motsa jiki. Kocin yana da ƙa'ida ɗaya. Kafin a taɓa kowace na'ura, sai ya zaunar da shi a benci, ya naɗe masa wando, ya auna naman bayan ƙwaurinsa, hagu da dama. Likita ya gargaɗe su: in ƙafar da aka yi wa aiki ta fi 'yar'uwarta kauri da sama da inci ɗaya, ko ta ɗauki zafi, a bar komai a nufi asibiti, don jini kan daskare a ciki.

Wannan awon ne ke ci wa tela rai.

"Ɗan nan, tef ɗin ma a karkace ka riƙe shi. Da a shagona kake, ko maɓalli ba zan ba ka ka ɗinka ba."

"Baba, ai ni ba wando zan yanka maka ba," in ji kocin yana dariya.

A mako na uku tela ya tashi da ƙafar ta yi tauri, ga zafi kamar an kara mata dutsen guga. Matarsa ta tsaya tana kallonsa yana ɗingishi.

"Baban yara, ƙafar nan ba kumbura ta yi ba?"

"Ƙiba ce. Laifin girkinki ne."

Ya zaɓi wando mai faɗin ƙafa ya saka. A hanya ya wuce shagonsa a kulle, ya hango wani da ya yi shekara ashirin yana yi wa ɗinki yana fitowa daga shagon wani tela da ke kallon nasa, da leda a hannu. Ya ci gaba da tafiya. A ransa dai ya ƙudura ba zai sake kwanciya a gadon asibiti ba.

Ya iske kocin yana taimaka wa wata tsohuwa ta sauko daga keken motsa jiki. Tef na kan benci. Tela ya ɗauka ya auna hagu, sha huɗu. Ya auna dama, sha biyar da rabi. Ya sake aunawa. Hannunsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Ya saki wandon.

"Na hutar da kai yau. Sha huɗu, da sha huɗu da kwata."

"Baba, bari dai in gani da idona."

"Ni za ka sake wa awo? Tun ba a haife ka ba nake rataye da tef a wuya!"

Mutane suka juyo suna kallo. Kocin ya sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Bismillah, hau."

Tela ya hau keken yana takawa a hankali. Minti biyar, minti takwas. Sai tari ya taso masa. Ya ji wani abu kamar allura a ƙarƙashin haƙarƙarinsa, ya ja numfashi, numfashin ya tsaya a rabi.

"Baba, sauko."

"Ƙura ce kawai."

Kocin bai ƙara neman izini ba. Ya durƙusa ya ɗage wandon, ya taɓa ƙafar, ya ce, "Innalillahi." Ya sungume shi zuwa mota.

A hanya tela ya riƙo hannun rigarsa, yana magana da ƙyar. "Sha biyar da rabi ne. Ka faɗa wa iyalina ba laifinka ba ne."

Bai kai la'asar ba. Likita ya ce gudan jinin ya tashi daga ƙafa ya toshe huhu, kuma da tun safe aka zo, akwai abin da za a gwada.

Kocin ya zo gaisuwa kwana uku a jere. Kullum magana ɗaya yake maimaita mini: "Da na daure ya zage ni a gaban mutane."

Darasi: Mun san kwana ne ya ƙare. Amma gwanintarka a sana'arka ba ta sa ka zama likitan jikinka, kuma ciwon da ka ɓoye wa mai kula da kai, kanka ka cuta. Kai kuma da aka damƙa wa lafiyar wani, kada kunyar babba ta hana ka yin aikinka. Ku tura wa duk wanda ke jinya ko yake jinyar wani. Ku taya ni roƙo: Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa, ya raya abin da ya bari, ya sanyaya zuciyar wannan bawan Allah da ya ɗauke shi. Ku ce amin.