Yadda Tsahara Ta Zaunar da Ruwan Sama

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wata tsohuwa ce, Tsahara, da ɗanta tilo, Nomau. Gonarsu faƙo ce, ƙasa da tauri kamar daɓe. Da ruwa ya ɗauke, fari ya tsananta, Nomau ya rataya jaka ya ce, "Inna, na tafi cin rani. Ranar da gonar nan ta ba da dami, ki aiko mini in dawo."

Ya tafi. Kewa ta kama ta. Ko tuwo ta tuƙa, sai ta kwashe na mutum biyu.

Damina ta faɗi, Tsahara ta yi shuka. Ruwa ya sauka, ya kwarara ya nufi rafi.

"Ruwa, tsaya mana!"

"A ina zan zauna, Inna?" Ya wuce.

Kurege ya leƙo daga rami. "Wane baƙo zai zauna cikin ƙazanta? Share gonar, ki ƙone karan nan."

Ta share tas, ta ƙone. Shi ko so yake ya riƙa ganin inda iri ya faɗa. Da ta shuka, ya bi ya tone.

Ruwa ya sake sauka.

"Ruwa, tsaya mana!"

"Santsi, Inna, santsi!" Ya wuce da gudu.

Ta zauna tana kuka. Sai Gara ta ce, "Baiwar Allah, kin ƙone mini abinci kuma kina kuka? Baƙo wurin zama yake so. Haƙa ramuka tun da rani, ki tara ƙasar ta gefen gangare. Zuba taki a ciki, abincina ke nan. Ni zan huda masa hanya zuwa ƙasa."

Kai, ku da ɗaukar tsintsiya ke gagara, ku ji tsohuwa! Rana na dukanta, tana haƙa. Kowane rami ta gama, sai ta ce, "Wannan na Nomau ne."

Damina ta zagayo, Tsahara ta shuka gero a ramukan. Ruwa ya sauka karo na uku.

"Ruwa, tsaya mana!"

"Ai na ma zauna, Inna."

Aka yi kwana ashirin ba ɗigo. Gonakin mutane suka yi yaushi, geronta na nan kore shar. Da kaka ta ɗaure dami bakwai.

Ta ba Kurciya zangarniya guda ta ce, "Kai wa ɗana. Ce masa Inna na jira."

Kurciya ta je gari na fari, aka ce ya wuce. Na biyu, aka ce ya wuce. Na uku, ba wanda ya san sunansa. Kunya ta hana ta komowa.

Tsahara kuwa kullum tana bakin gona, tana duban hanya.

Tun daga nan manoma ke haƙa wa ruwa wurin zama kafin ya zo. Kukan da kuke ji Kurciya na yi da tsakar rana, Nomau take kira har yau.

Ƙurunƙus! Ta ƙare, ku tashi ku ba ni wuri.