Jiragen da Suka Shiga Cikin Kawu Nomau

Asabe, ajiye wayar nan. Shu'aibu, matso kusa. Kai ma Ɗanjumma zauna, ba aikenka zan yi ba. Kawunku Nomau ya ɗauko wata rigima ya dire mini a ƙofar ɗaki, na juya ta na juya ban ga bakinta ba. Tunda kowannenku yana ganin ya yi hankali, yau zan gani.

Kun san kawun naku, Sarkin Jirgin Tungar Maje. Shekara talatin babu kwale-kwalen da ya shiga ruwa a mashigin nan ba da izininsa ba. Kun kuma san injin jirginsa, wanda yake gogewa da hannun rigarsa, wanda ko matarsa ba ta isa ta jingina tsintsiya a jikinsa ba. To, tun bara gyambon ciki ya kama shi, wannan da ake ce wa olsa. In ya ci abinci zafi, in bai ci ba zafi. Ya sha kanwa har ta gidan ta ƙare, ya sha madara, ya sha saiwoyi. Mutumin da yake tashi da ƙwaryar tuwo da kan giwan ruwa ya koma lasar koko. Ranar da ya durƙushe a tsakiyar kogi har fasinjoji suka tallabe shi, sai ya tara 'ya'yansa uku, Barira da Mamuda da Kulu, ya rantse a gaban mutane cewa duk wanda ya raba shi da ciwon nan, injin ya zama nasa.

Barira, babbarsu, a ɗakin gwaje-gwaje take aiki, a asibitin tsallaken kogi. Ta ce masa ba a maganin abin da ba a sani ba, sai an gwada bayan gidansa. Ya ce tun da yake bai taɓa jin 'yar da ta nemi irin wannan abu a wurin ubanta ba, ta tashi ta ba shi wuri. Ba ta yi musu ba. Kullum da safe sai ta shiga jirginsa, ta zauna a gaba cikin fasinjoji, ta ɗora wata 'yar roba mai jan murfi a kan cinyarta. Duk wanda ya tambaye ta ta mece ce, sai ta ce ta Baba ce, shi zai faɗa muku abin da za a zuba. Rana ta uku ya fizge robar ya cusa a aljihu. Da aka gwada, aka sami wata ƙwayar cuta da ke zama a ciki tana haddasa gyambo. Barira ta kai shi gaban likita, aka rubuta magani kala uku, safe da yamma, kwana goma sha huɗu.

Sai dai kawunku dariya ya yi. Ya ce cikinsa ƙayar kifi yake narkarwa, babu mai ran da zai kwana a cikin wannan wuta. Barira ta yi masa bayani da kalmomin littafi, rabi Hausa rabi Turanci. Ya bari ta gama, ya tambaye ta ko ta ci abinci. Maganin ya yi sati biyu a rataye a ƙusa.

Mamuda shi ne makanike, injinan jiragen ruwa yake gyarawa. Ya ce wa yayarsa ta nuna masa abin ya gani da idonsa. Ta nuna masa wani bidiyo na irin ƙwayoyin cutar a waya, wanda aka ɗauka ta madubin ƙara girma. Ya kalla ya sake kalla, irin kallon da yake yi wa injin da bai taɓa buɗewa ba. Daga nan ya murɗa wani siririn ƙarfe, ya karɓo kwanon miyar kuɓewa, ya je ya durƙusa gaban uban.

Ya ce, "Baba, ba kaɗa wutsiya suke yi kamar talibambam ba. Juya ta suke yi. Kowace wutsiya da ɗan injinta a gindi, tana wulwulawa kamar farfelarka, kuma kowannensu yana da huɗu zuwa shida."

Ya tsoma ƙarfen a miyar yana murzawa, ƙarfen yana nutsewa. Ya ce haka jikinsu yake a murɗe. Bangon ciki kuwa a shafe yake da yauƙi, don kada ruwan da ke narkar da abinci ya ci naman mutum. Can suke nufa da gudu, su huda yauƙin su lafe inda zafin ba ya kai musu. Kanwar da yake ta sha ma, su da irin tasu suke tafe, suna sakinta a kewayensu ta kashe tsamin, ta tsinka yauƙin su wuce.

Kawunku ya tambaya ko suna da giyar baya. Mamuda ya ce suna da ita, juyin kawai suke sauyawa. Tsohon ya sunkuya ya kalli cikinsa.

Can ya ce, "Inji shida. Ni da nake sarki ɗaya gare ni. Wa ya ba su izinin shiga?"

Tun daga nan abin ya tashi daga ciwo ya koma raini. Amma da yake ɗan ruwa ne, sai ya ce ai kowa ya san abin da ke tsayar da farfela, ciyawa ce da tsohon taru. Washegari Mamuda ya same shi yana yayyanka zaren taru da reza zai zuba a koko. Ya riƙe masa hannu, ya ce ƙanƙantar abubuwan nan ta kai zare ɗaya a wurinsu ya fi gungumen itace, kewaye shi za su yi su wuce. Abin da zai nutsar da su yana nan a rataye a ƙusa. Ranar kawunku ya haɗiyi maganin farko, yana zaginsu.

Kulu kuma, kun san ta, tana suyar kifi a bakin mashigi, ba ta yi boko ba, ba ta san inji ba, amma ta san ubanta. Kwana huɗu da fara magani zafin ya lafa, bakinsa ya yi ɗaci kamar ya tsotsi ƙusa. Ya ce ai shi ke nan, ya ji shiru, duk sun nutse. Barira ta riga ta ja kunne cewa in aka yanke magani waɗanda suka lafe za su taso, su fi na da taurin kai. To amma ita tana tsallake wurin aiki, Mamuda ya tafi gyara a Yawuri. Kulu ce ta lura tsohon yana kai hannu baki sannan ya kai ga hula. Ta ɗauki hular don ta wanke, ƙwayoyin magani shida suka zubo.

Ta je ta kwance filogin injin, ta ƙulle a bakin zanenta. Da safe fasinjoji sun cika jirgi, inji ya ƙi tashi, aka ce masa Kulu na kira. Ya zo gaban kaskonta ya tarar da magani da moɗar ruwa. Ya yi faɗa, ya kira sunan sarauta, ya ce zai tsine mata. Ta ce ya tsine, amma bayan ya haɗiye.

"Kulu, ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

"Kai ka haife ni, Baba. Ɗaga harshe in gani."

Haka aka yi kwana goma. Da safe ya haɗiye a ba shi filogi, da yamma ta kwance abinta, ya haɗiye na yamma kafin ta yarda gobe za ta bayar. Sarkin Jirgi guda, yana buɗe baki a gaban masu sayen kifi.

Bayan wata ɗaya aka sake gwaji, wannan karon da kansa ya nemi robar. Ba a sami komai ba. Ya ci tuwo da yaji, ya kwana lafiya. Sai ga su ukun a ƙofar gida, kowa ya zo ɗaukar inji.

Barira ta ce da ba ta gano abin ba, da har yanzu kanwa yake sha, ko kuma an riga an yi sadakar arba'in. Mamuda ya ce ganowarta sati biyu ta yi a rataye a ƙusa, shi ne ya sa tsohon ya yarda akwai abin da za a kashe. Kulu ta ce yardar tasa kwana huɗu ta yi, sauran goman daga bakin zanenta suka fito. Kuma babu wanda yake faɗa don kwaɗayi kawai. Barira ta gaji da jiran jirgi ya cika tana makara aiki, Mamuda yana da kwale-kwale babu inji, mijin Kulu kuwa har yau da filafili yake tuƙi.

Kawunku ya ce a raba uku, Mamuda ya ce in aka raba inji uku babu wanda ya samu inji. Shi ne ya kwaso maganar ya kawo mini, wai Yaya ki yanke. Na dube shi na ga ko kaɗan bai damu ba, don muddin ana gardama injin yana kan jirginsa. Na ce masa rantsuwa ya yi, kuma ranar Juma'a zai cika ta ko ya so ko ya ƙi.

To, ga ku ku uku, ku raba mana wannan gardama. Tsakanin wadda ta gano su, da wanda ya sa ya yarda, da wadda ta sa ya ƙarasa maganin, wa za a ɗaura wa injin nan a jirgi?