Irin Geron Inna Tururuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ta yau mai nauyi ce.

Ta zo mu ji ta, ko da nauyinta.

An yi wata shekara da yunwa ta ci garin dabbobi, har aka daka irin shuka aka yi kunu da shi. Da ruwan farko ya sauka, kowa ya fito da sungumi, sai aka tsaya ana kallon juna. Babu ƙwayar gero ɗaya da za a jefa a rami. Manya suka ce in kwana bakwai ya wuce ba a yi shuka ba, wanda yunwar bara ta bari, ta bana za ta ɗauke shi.

Iri yana wuri ɗaya tak, a rumbuna biyu na Inna Tururuwa, can ƙarƙashin ƙasa. Ita kuwa tana zaman makoki. 'Ya'yanta sun fita roro, dabbobi masu gudun neman abinci suka tattake su, ba wanda ya ko waiga.

Kura ce ta fara zuwa. Ta tsaya a kan tabarmar makoki ta ce, "Ke tsohuwa! Fito da geron nan ko in haɗiye ki!"

Inna ta ce, "Haɗiye ni, kin rage mini kwanakin kuka. Amma hanyar rumbu a cikin kaina take."

Kura ta koma tana zage-zage.

Kashegari Gizo ya bugi ƙirji ya ce, "Ku ba ni buhu uku. Ni da na taɓa sayar wa Giwa haurenta har ta yi mini godiya, tsohuwa ce za ta gagare ni?" Ya shafa barkono a ido, ya isa hawaye shaɓe-shaɓe, da tsamin bakin nan nasa.

"Shayamu ayaikum, Inna. Ya haƙuyi? Allah ya jiƙan yayan nan. To, geyon fa, buhu nawa ne?"

Inna ta ce, "Gizo, gaisuwa ka zo ko awo?"

"Duka biyun, Inna, don kada in wahalar da ke sau biyu."

"To faɗa mini sunan ɗaya daga cikin waɗanda kake wa kuka."

Gizo ya sosa ƙeya, ya sosa ciki, ya dubi sama. Inna ta ce, "Tashi mini daga tabarma."

Rana ta uku sai Hawainiya ta ce za ta je. Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta tafi da takunta na ɗaiɗai, ba buhu, ba ƙwarya. Ta zauna a gefen tabarma ta ce, "Inna, ya haƙuri?"

"Da godiya."

Shi ke nan. Hawainiya ta zauna har la'asar, ta tashi. Gizo ya tare ta a hanya ya ce, "Ta ba ki?"

"Ban tambaya ba."

"Ba ki tambaya ba! Wayyo, mun aiki gawa neman iri!"

Washegari Hawainiya ta share ƙofar, ta ɗebo ruwa, ta zauna. Inna ta ce, "Na san abin da ya kawo ki. Faɗa, in ce a'a, ki tafi."

Hawainiya ta ce, "Inna, wane ne babbansu?"

Tsohuwa ta ce, "Cindo." Sai baki ya buɗe. Ta faɗi Cindo mai ɗaukar kayan da ya fi shi, da Dije mai tsiwa, da auta Talle da ranar ce fitarsa ta farko. Tana faɗa tana kuka, Hawainiya tana saurare.

Gizo kuwa yana laɓe a bayan surin Inna, yana jin su. Ya ce, "Wannan kukan ba zai ƙare kafin kaka ba." Ya zaga baya ya kama tono. Bai kai ga gero ba, amma ya fasa rufin rumbu ɗaya. Hadari ya taso, ruwa ya bi ramin, ya kwashe geron ya tafi da shi kwari. Abin da Gizo ya samu, taɓo cike da hannu.

A rana ta uku ta zamanta, Hawainiya ta tarar da Inna ta juya wa ƙofa baya.

Inna ta ce, "Jiya na yi niyyar ba ku rumbunan biyu. Ina kuka, kuna tona bayana. Ko ƙwaya ba zan bayar ba."

Hawainiya ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi musu ba. Ta ce, "Gaskiyarki, Inna. Daga cikinmu aka yi." Ta zauna. Rana ta take, inuwa ta juya. Sai can ta ce, "Inna, in wanda ya rage bai shiga ƙasa ba, jikokin da aka bar miki a gonar wa za su yi roro baɗi?"

Inna ta juyo. "Me za ku ba ni?"

"Ke za ki faɗa."

"Geron da ya zube a masussuka, kada a share, na jikokina ne. Wanda ya ga layinsu a hanya, ya tsallake. Gizo kuma ba shi da rabo."

Hawainiya ta ce, "Biyun farko na ɗauka. Amma 'ya'yan Gizo fa, Inna? Ba su suka tona ba."

"Nawa fa, su me suka tona?"

Hawainiya ta sunkuyar da kai.

Aka raba irin, ya kai rabin gonaki ya ƙare. Waɗanda suka samu suka ga kaka, sauran aka yi ta rakiyarsu makabarta. Gonar Gizo ƙarangiya ta haifa. Matarsa Ƙoƙi ta kwashe yaran da suka rage ta bar garin, shi kuwa ya hau kusurwar ɗakin da ba kowa ya rakuɓe, har yau yana can.

To, kun ji. In kuna neman abu a hannun mutum, ku fara zama ku ji abin da ke cin ransa, kada ku tona bayansa don ya daɗe bai amsa ba.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare, kusun ma bai samu gero ba.