Rumbun da ke Cikin Sarkin Noma

Ku gyara zama, don labarin nan sai ya haɗa ku gardama.

Sarkin Noma Jatau mutum ne mai ji da kansa, kuma ya isa. Shekara talatin ba wanda ya riga shi jan kunyar farko ranar gayya. Da ciwon sukari ya kama shi aka ɗora shi kan allurar insulin, ya riƙe ta da kyau, amma cin abinci a kan lokaci ya ce wannan aikin ragwaye ne.

Babbar 'yarsa Barira ba ta lamunta ba. Kwana uku kafin gayya ta tsare shi da tuwon dawa, yana mita tana ƙara miya, sai ya sharce kwano take tashi.

Ranar gayya ya yi allurarsa, ya ji kalangu na kiran sunansa, ya tsallake karin kumallo ya fice. Kafin hantsi ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kunya, gumi sharkaf. Jama'a suka ce sukari ne ya hau, a ƙara masa insulin. Har ƙanen Jatau ya zuƙo allurar, sai Sallau, ɗan Jatau, ya kama hannunsa, abin da bai taɓa yi wa babba ba. "Baffa, ka gafarce ni. Sauka ya yi, ba hawa ba. In ka soka masa wannan, ka ƙarasa shi."

Haƙoran Jatau sun datse, ba halin ba shi zuma. Dije, ƙanwar Sallau, wadda sau biyu kacal ta taɓa tuƙa babur, ta fizge na wani ta keta gonaki, ta ɗauko ma'aikaciyar asibiti da wata allura dabam, glukagon. Aka yi masa ita, ba a jima ba Jatau ya buɗe ido yana tambayar garmarsa.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, allurar nan ba abinci ba ce. Aike ne ga hanta, ta buɗe rumbunta ta saki sukarin da ta ajiye. Da rumbun wayam yake, da ba ka tashi ba."

Jatau ya dubi 'ya'yansa uku, alfahari ya cika shi har da ƙwalla, a gaban maroƙa kuwa. Nan take ya rantse garmar da ya gada wajen kakansa ta wanda ya ceci ransa ce.

Garma ɗaya ce, ba ta rabuwa, rantsuwa kuma ta riga ta fita. To, wa zai miƙa wa: Barira da ta cika rumbun, Sallau da ya riƙe hannun baffansa, ko Dije da ta kawo mabuɗin?