Ruwan Ɗauraya

Akwai wani mutum mai sana'ar feshin maganin gara. Kowace safiya yakan goya tankinsa a baya, ya bi gidaje da lambuna yana fesa wa shinge da rumfunan katako. Hannunsa na da kyau, duk icen da ya fesa gara ba ta kusantarsa. Har coci ya fesa kyauta, aka yi ta sa masa albarka.

A bayan gidansa kuwa akwai wata rumfa, inda matarsa ke zama tana ɓarar gyaɗa. Wata rana ta ga ƙasar gara ta hau gindin dirka, sai ta ce, “Maigida, ka taimaka ka fesa mini rumfar nan.”

Ya ce, “Gobe, in Allah ya kai mu.”

Amma kullum da busasshen tanki yake dawowa. Da ta maimaita roƙon, kunya ta kama shi. Sai ya zuba ruwa a tankin, ya girgiza, ya fesa wa rumfar ruwan ɗaurayar. Wari ya tashi kamar na gaske. Baiwar Allah ta shaƙa, ta ce, “Sannu da aiki, Allah ya saka.” Ta koma ta zauna hankalinta kwance. Haka ya riƙa yi har shekara uku, gara kuwa tana cin icen ta ciki.

Ran da hadarin farko na damina ya taso, matar tana ƙarƙashi tana kwashe gyaɗarta. Iska ta buga sau ɗaya, rumfar ta rufta mata a baya. Shingayen maƙwabta duk suna tsaye, ko gezau.

Ba ta mutu ba, amma ba ta ƙara takawa ba. Da ya ɗaga dirkar, ta marmashe a hannunsa kamar gari. Ya durƙusa yana kuka ya faɗa mata gaskiya. Ta ce, “Da ka ce mini babu, ai da na tashi daga wurin.”

Tun daga ranar, a bayan nan nasa da ya saba goya tanki, ita yake goyawa zuwa sujada.

Ma'anar wannan misali ita ce: tankin nan zuciyarka ce, maganin kuwa ƙaunarka ce da haƙurinka da lokacinka. Da yawanmu, har da ni mai faɗa, mukan ƙarar da su a kasuwa da wurin aiki da taron coci, mu kawo wa iyalinmu ɗauraya: gaisuwar baki, da addu'ar gaggawa. Suna jin warin, suna yarda da mu, suna zaune a ƙarƙashin abin da ke ruɓewa. Allah ba zai tambayi maƙwabta shaidarka ba tukuna, zai fara da na cikin gidanka. Ɗan'uwa, yau kafin ka fita da cikakken tanki, ka fara duba rumfar da ke bayan gidanka.