Ɓarawon da Bai Taɓa Cin Ƙwai Ba

A garin Rafin Kuka an yi wani dagaci, Sallau, wanda kowa ke shakkarsa in ban da uwarsa, Inna Yalwa. Ita ko alif ba ta sani ba, amma ta yaye 'ya'ya tara ba ta binne ko ɗaya ba, kuma ba ta bari a manta.

Wata rana da hantsi ta zo daga ƙauye ta tarar da shi a zaure, ɗansa Mudi a cinya, yana nuna wa mutane kumatun yaron.

"Inna, dubi angonki. Tun da aka yaye shi koko kawai yake sha, ga ƙiba."

Ta dubi gashin yaron ya yi ja, ya yi sharaf. Ta danna babban yatsa a bayan ƙafarsa, ta ɗauke, ramin ya zauna bai ciko ba.

"Wannan kumburi ne. Kajin da suka cika gidan nan, ina ƙwansu?"

"Haba Inna, yaro da ƙwai? So kike ya tashi ɓarawo?"

Ta zauna ba a ce ta zauna ba. "Mai gari, in rawani bai toshe maka kunne ba, ga labarin Jatau mai kaji.

"Jatau ya hana 'ya'yansa ƙwai don tsoron sata. Ran kasuwa da rana tsaka ya dawo gida, sai ya ga mutum rataye a katanga, ya kasa hawa, ya kasa sauka, kaza a hammata. Ya jawo shi ƙasa kamar tsumma, ya ɗaga sanda. Ɓarawo ya ce, 'Baba, ji labarin gidanmu tukuna, dukan ba ya gudu.

"'Mu bakwai ubanmu ya haifa. Mutumin kirki ne. Ƙwai ya ce sata yake koyarwa, nama na manya ne, wake da gyaɗa na kasuwa. Mu sai kunu tsararo. Huɗu suka kumbura suka tafi, ba su taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Mu ukun da muka saura duk ɓarayi ne, don yunwa ta riga ƙwai koya mana. Sana'ar ma ba mu iya ta ba. Wana da magariba ta yi ba ya gani, ni kuwa ka ga yadda muka ƙare da katangarka. Da an ba ni ƙwai, da yanzu ka rasa kazar.'

"Jatau ya ajiye sanda, ya leƙa ɗaki ya ƙirga 'ya'yansa, ya sa aka ɗora tukunyar ƙwai."

Inna Yalwa ta nuna Mudi da haɓa. "Wanda ya tashi ɓarawo a gabanka za a gurfanar da shi, ka yi masa bulala ya shiryu. Wanda aka kai makwanci fa, wace bulala za ka yi masa?"

Wakilin dagaci ya yi gyaran murya. "Ai Inna, tun kakanni haka aka..."

"Kai ƙwai nawa ka ci da safe?"

"Uku."

"To a duba aljihunsa."

Zaure ya fashe da dariya, ban da Sallau. Ya sa nasa yatsan a ƙafar ɗansa, ya daɗe yana kallon ramin.

"Na ji, Inna. A dafa masa yanzu."

"Yanzu ya wuce nan. Asibiti tukuna, su sauke kumburin, ƙwai da wake in sun ce a fara. Kuma kai za ka kai shi."

Ya waiga yana neman wanda zai miƙa wa yaron.

"Na ce kai."

Dagaci ya saɓa ɗansa a kafaɗa ya fita, babu takalmi.