Kwamfutar da Ke Ƙamewa a Hannun Baba Sallau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kira sunansa ba. Ku matso kusa, na baya ku bar hira haka nan, labarin nan da ku nake.

Sunansa Tanimu, sana'arsa gyaran kwamfuta. Ba irin wannan ta tafin hannu da nake hangen wasunku suna shafawa ina magana ba. A'a, tun zamanin da kwamfuta akwati ce guda, a girke ta ƙarƙashin tebur tana huci, allonta da ƙatuwar ƙeya kamar tukunya. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin kasuwa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, in ya shigo masallaci ba wanda ke matsa masa wuri. Abu ɗaya aka san shi da shi: in Tanimu ya ce ya gyara, to ya gyara. Wannan sunan shi ne duk abin da ya mallaka a duniya.

A garin akwai wata makaranta mai kwamfuta ɗaya tak a ofis. Mai buga takardun makarantar wani dattijo ne, Baba Sallau. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana buga tafireta, da aka kawo kwamfuta ya zauna da furfurarsa ya koya.

Wata bazara shugaban makarantar, Malam Haladu, ya aika aka kira Tanimu. Ya ce, "Malam Tanimu, abin nan ya ishe mu. Ga zafi, ga fankarta tana ruri kamar injin niƙa, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi."

Tanimu ya zauna, ya ɗan taɓa nan ya taɓa can. Kafin shayin da aka kawo masa ya huce, fanka ta yi laushi, ofis ya yi tsit. Aka yi ta sa masa albarka, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ku riƙe wannan ranar, za mu dawo kanta.

Ba a jima ba sai kwamfuta ta tsiro da wani hali. Baba Sallau yana cikin aiki sai ta ƙame. Ya danna nan shiru, ya ja linzamin kwamfutar shiru. Sai an kashe an kunna, abin da ya buga kuwa ya tafi. Sau uku tambayoyin jarrabawa suna salwanta a hannunsa. Abin mamaki, akwai wata malama a makarantar, Malama Zinatu, mai saurin hannu ce ƙwarai. In ita ta zauna, sai ta yi aikinta tsaf ta kashe ta tashi, ko gezau.

To, kun san mutane. Me za su ce? Suka ce hannun tsoho ne. Wani ya ce dukanta yake yi kamar tafireta. Wani ya ce akwai abin da yake dannawa bai sani ba. Har ta kai in ya nufo ofis sai ka ga ana ƙunshe dariya.

Aka sake kiran Tanimu. Ya ɗauki akwatin ya kai shago, ya kwance shi. Ya busa ƙura, ya zare ram, wato ma'ajiyar tunaninta, ya goge ya mayar, ya gwada akwatin wuta, ya bincika ko cuta ce ta shiga, bai ga komai ba. Ya ɗora mata aiki mai nauyi tun hantsi har la'asar, kwana biyu a jere, tana ta gudu kamar ba ita ba. Ya mayar ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban ga ciwo a jikinta ba."

Wannan kalmar, jama'a, ita ta yanke wa Baba Sallau hukunci. Washegari ta sake ƙamewa a hannunsa. Malam Haladu ya ce, "Shi ke nan. Mai gyara ya ce lafiyarta ƙalau. Daga Litinin Malama Zinatu ta karɓi aikin. Baba, kai kuma ka koma bakin ƙofa ka riƙa duba masu shiga da fita."

Mutumin da ya yi shekara talatin takardar kowa tana bi ta hannunsa, ga shi za a ba shi benci da sanda. Bai yi musu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Tsufa ne."

Labari ya kai wa Tanimu a shago, sai abin ya tsaya masa a rai. Ya ce a zuciyarsa, na gwada na'ura, amma ban ga mutumin yana aiki ba. Ranar Alhamis ya rufe shago ya tafi makarantar, ba wanda ya kira shi. Ya ce, "Baba, don Allah ka yi aikinka yadda ka saba. Ni zama kawai zan yi."

Baba ya ce, "Ɗana, me za ka gani? Hannun ne ya lalace."

"Ka dai yi, Baba."

Ku saurara nan. Baba Sallau ya buga shafi guda. Sai ya ɗage hannuwansa gaba ɗaya, ya gyara tabarau, ya ɗauki rula ya aza a kan takardar da malami ya rubuta da hannu. Ya shiga bi layi layi, ya dubi takarda ya dubi allo, ya dubi takarda ya dubi allo, bakinsa yana motsi. Ɗabi'ar masu tafireta ce ta dā, lokacin da kuskuren harafi ɗaya ke sa a yaga shafi sukutum. Minti biyar, minti shida, bai taɓa komai ba.

Tanimu yana zaune, kunnensa na kan akwatin. Sai ya ji fanka tana sassautawa, tana sassautawa, har ta yi shiru. Baba ya gama dubawa, ya kai yatsa ya danna. Kwamfuta ta ƙame.

Tanimu ya san wannan shirun na fanka. Shi ya kawo shi da hannunsa.

Bari in bayyana muku, ni ma sai da aka zaunar da ni aka yi mini dalla-dalla. A cikin akwatin nan akwai wani ɗan abu, faɗinsa bai kai na kwalin ashana ba, masu gyara suna ce masa firosesa. Shi ne ƙwaƙwalwar. Na wannan kwamfutar sabon yayi ne a lokacin, ƙwaƙwalwa biyu ce a gida ɗaya, suna raba aiki a tsakaninsu. An kuma yi masa wata dabara ta tattalin wuta: in ba aiki, sai ƙwaƙwalwan su rage gudu su kwanta, kada a sha wuta a banza, kada a yi zafi. Aiki na dawowa sai su farka kafin ka ƙifta ido. Subhanallahi! Abin da ɗan Adam ya ƙera ke nan da ɗan ilmin da aka sam masa, yana barci yana farkawa. To ina ga Wanda ya ƙera ɗan Adam ɗin, Wanda yake kwantar da mu kullum ya tashe mu, bai taɓa mance ko ɗaya ba?

Ranar da aka yi kukan ƙarar fanka, wannan dabarar Tanimu ya kunna. Ya shiga wani shafi mai shuɗin allo da ake kira bayos, can inda ba mai leƙawa sai masu gyara, ya buɗe barcin har matakinsa mafi zurfi. Abin da bai lura ba shi ne, babban farantin da aka dasa firosesar a kai tsohon yayi ne. Ya iya kwantar da su, bai iya tashinsu daga barci mai nauyi ba. Malama Zinatu ba ta tsayawa, saboda haka ba su taɓa samun sukunin kwanciya a hannunta ba. Shi ma a shago aiki ya yi ta loda musu. Mai tsayawa ya duba aikinsa mutum ɗaya ne a makarantar nan. Ashe kyawun aikin dattijon ne yake jawo masa abin kunya.

Aka kira azahar, Baba ya ɗauki buta ya fita alwala. Ofis ya rage daga Tanimu sai kwamfuta. Ya kunna ta ya naɗe hannu, bai taɓa ba. Minti shida, ta ƙame. Ya shiga bayos ya rufe barcin nan mai zurfi, ya bar mara nauyin, ya sake naɗe hannu. Minti goma, ya taɓa, ta amsa nan take.

An gama gyara. Yanzu aka zo wurin jarrabawa.

Ku gaya mini, a duk faɗin garin nan wa ya san bayos? Ba kowa. Wa ya ga abin da ya taɓa da bazara? Ba kowa. Wa ya ga abin da ya mayar yanzu? Ba kowa. Sai zuciya ta fara yi masa raɗa. Ta ce, Tanimu, ɗauki jakarka ka tafi. Ba ƙarya za ka yi ba, shiru kawai za ka yi. Litinin malama za ta zauna, kwamfuta ba za ta ƙara ƙamewa ba, kowa ya ce ai dama mun faɗa. In kuwa ka buɗe baki, gobe kasuwa ta ɗauka cewa Tanimu ɓata kaya yake yi. Da me za ka ci da iyalinka in sunan ya tafi?

Tanimu ya ɗaga kai. Ta taga yana hangen Baba Sallau a tsugune, yana wanke hannayen nan da ya ce sun lalace. Tanimu ya ce a ransa, in na fita da shirun nan, da wace fuska zan tsaya sahu ɗaya da dattijon nan yanzu?

Da aka idar da salla ya je wurin Malam Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a tara malamai a ofis."

"Lafiya? Faɗa mini mana a nan."

"A'a, ranka ya daɗe. A gaban mutane aka yi masa dariya, a gabansu ya kamata a ji."

Aka taru. Ya mayar da saitin yadda ya yi shi da bazara, ya ce kada kowa ya taɓa. Suna tsaye suna kallo, ba hannun tsoho ba na yaro, kwamfuta ta ƙame. Ya gyara, aka sake jira, ta amsa. Sannan ya juyo ya ce, "Jama'a, Baba bai ɓata komai ba. Ni na ɓata. Ni na kunna abin da ban gwada ba, na kuma zo na ce muku lafiyarta ƙalau. Baba, ka yafe mini."

Malam Haladu ya fusata. Ya ce, "Wato wata uku kana sa ni ina zaluntar dattijo? Kada ka ƙara taɓa mana kaya!" Tanimu ya ce, "Ka yi gaskiya, ranka ya daɗe." Kuma kada ku zaci zan ce muku washegari arziki ya sauko masa. Maganar ta shiga kasuwa, wasu suka kwashe kayansu daga shagonsa, ya sha wuya a shekarar nan.

Amma ku ji abin da Baba Sallau ya yi. Bai dubi Tanimu ba tukuna, bai dubi shugaba ba. Hannayensa ya ɗaga yana kallo, ya juya bayansu, ya juya cikinsu, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ashe lafiyarku ƙalau. Wallahi ɗana, ni kaina na yarda ni ne. Har na gaya wa mai ɗakina na gama amfani."

Allahu akbar! Kun ji inda abin ya kai? Ba kujera kaɗai aka kusa raba shi da ita ba, har yardar da yake yi wa kansa an ƙwace. Ranar Litinin ya koma teburinsa da rularsa, ya ci gaba da bin layi layi har ranar da ya ajiye aiki da mutuncinsa.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Gaskiya ba ta tsaya ga barin ƙarya ba. In kuskurenka ne wani yake ɗauke da shi, shirunka zalunci ne, ko da ka gyara abin a ɓoye. Kowannenmu yana da wurin da ba mai leƙawa sai shi. Kai makanike, kai tela, ke mai aikin asibiti, kai magidanci da ka ajiye abu ka mance aka yi wa iyali faɗa: ka san abin da ka taɓa, kuma Allah ya sani. Ka tambayi kanka tun kafin ka tashi daga tabarmar nan, wa yake zaune a bakin ƙofa yau saboda laifina? In akwai shi, kada ka tsaya a istigfari kai kaɗai. Je ka wanke shi a gaban waɗanda suka yi masa dariya.

Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗin "ni ne" tun muna da bakin faɗa. Ku tashi mu gyara sahu.